Tela Ba Ta Kira Ba

4 ga Maris

Ƙanwata Tela,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin huta gajiya, kuma ƙafar da kika ce tana kumbura ta sace. Ki gaishe min da Inna, ko da ba ta tuna fuskata ba.

Zabuwa lafiyarta ƙalau. Haƙorinta na gaba ya fita ranar Lahadi, tana yawo da shi a aljihu tana nuna wa duk wanda ya tsaya. Tarin ya ragu, sau biyu kawai ta nemi abin shaƙarta a makon nan. Rigar nan mai ɗigo-ɗigo da ta jawo mata sunan ta ɗage har saman gwiwa, amma ta ƙi yarda a ajiye.

Na zaɓi in rubuta ne saboda wayar da muka yi a watan jiya. Kin yi tafiyar awa biyu kafin ki samu sabis, muka ƙare da ihu, ba wadda ta ji wata. Ni kuma kin sani, in aka ɗaga min murya maganata guduwa take yi. Ga abin da nake son faɗa, a jere.

Na ɗaya. Tun ranar da jami'an shige da fice suka kama ku a shagon ɗinki, wata biyar da mako guda ke nan, Zabuwa tana hannuna babu wata takarda. Kin kawo min ita da safe don tari ya hana ta makaranta, kika ce in riƙe miki zuwa la'asar. Wannan maganar ce kaɗai hujjata, hukuma kuwa ba ta karɓar magana.

Na biyu. Makaranta ta nemi sa hannun uwa a takardar allura, ba a samu ba, sai suka sanar da ofishin kula da yara. Yanzu wata mata daga ofishin tana zuwa duk Laraba. Tana buɗe firij, tana taɓa katifar yarinya, tana karanta kwalin magani. Ba ta da mugun hali, sai dai komai ta gani sai ta rubuta.

Na uku. Ta ce tunda a nan aka haifi Zabuwa, 'yar ƙasar nan ce, ba zan iya sa ta a jirgi in aiko miki ba sai alƙali ya yarda. Mahaifinta ya rasu, ke kuma an hana ki shigowa shekara goma. In ba a samu mai riƙe ta a takarda ba, za a kai ta gidan yara, daga can a ba wasu mutanen da ba mu sani ba.

Na huɗu. Na je wurin lauyan da ke taimakon baƙi a bayan tashar jirgin ƙasa. Ya ce hanya mafi ƙarfi ita ce in mayar da ita 'yata a gaban kotu. Takardar da na haɗo ta yardarki ce. Na sa ɗigo da fensir a inda za ki sa hannu.

Na rubuta wasiƙar nan sau uku kafin in aiko. Wataƙila har yanzu ban faɗa daidai ba. A takarda ne kawai, Tela. Ke ce uwarta.

Yayarki

21 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Inna tana amsawa. Ƙafa ta sace, zuciya ce ta kumbura.

Na ga wasiƙarki da na ɗaya da na biyu kamar ana kiran suna a aji. Na ga ɗigon fensir ɗinki ma, kin kyauta, da ban san inda ake sayar da 'ya ba.

Zuwa la'asar na ce miki. Ban ce har abada ba. Ni da ke zumuncin kaka da kaka ne, ba a gida ɗaya muka tashi ba, ban san ki ba sai da na sauka a ƙasar nan da lambarki a tafin hannu. Na kira ki Yaya don girmamawa. Ashe kina ƙirga shekarun da za ki karɓi ladan.

Kina tsammani ban lura ba? Ranar da na haihu, ke kika fara ɗaukar ta kafin ni. Duk ranar hutunki kina bakin shagonmu da biskit a jaka. Da na mare ta a kan almakashi, kwana uku ba ki gaishe ni ba. Na ce a raina, baiwar Allah ba ta samu nata ba, a bar ta ta ji ɗumi. Ga inda ɗumin ya kai mu.

“A takarda ne kawai.” Takarda ce ta sa aka ɗaure min hannu a gaban keken ɗinkina, zare yana cikin allura. Takarda ce ta dawo da ni ɗakin Inna da kaya a leda ɗaya. Ni za ki gaya wa takarda ba komai ba ce? In kika mayar da ita 'yarki, sunan wa za a kira ta da shi a makaranta? Mahaifinta ya faɗo daga saman gini yana nema mata abinci, shi ne za a goge sunansa a sa na mai wankin zannuwan asibiti?

Haƙorinta ya fita ban gani ba. Ki ajiye min shi, nawa ne.

Na yaga takardarki, na kunna wuta da ita. Ki koma wurin lauyanki ki ce uwar tana da rai, tana son 'yarta. Asma ba a ƙasarku kaɗai ake yin ta ba, mu ma muna da asibiti.

Ki sa ta a gaba ki gaya mata ni na ce ta daina sa rigar nan, ta yi mata kaɗan.

Tela

7 ga Afrilu

Tela,

Sallama da gaisuwa. Zabuwa ta yi zazzaɓi kwana biyu, ya sauka. Na gaya mata saƙonki game da rigar. Ta ce, “Mama ce ta ɗinka, sai Mama ta zo ta cire.” Na bar ta.

Haƙorin yana cikin kwalbar magani a saman kabad, na rubuta sunanki a jiki.

Zan amsa miki, ko da za ki sake dariyar lissafina.

Kin ce ni na fara ɗaukar ta. Gaskiya ne. Kin suma, jini yana zuba, ma'aikaciyar ta miƙo min ita don babu kowa a wajen sai ni. Da na sani da na ce a ajiye ta a ƙasa har ki farfaɗo.

Kin ce mai wankin zannuwa. Haka ne. Ƙarfe shida nake shiga, injina takwas suna juyawa, zafin guga har ya cinye min zanen yatsu. Da wankin nan na biya ɗakin da kika kwana wata bakwai kafin ki samu shago. Ban taɓa faɗa ba, yau ma ban so na faɗa ba. Na roƙi shugabar sashenmu ta canja min lokaci don in riƙa ɗauko Zabuwa daga makaranta, ta canja, amma ta mayar da ni wajen zannuwan ɗakin tiyata da kowa ke gudu.

Kin ce kuna da asibiti. Ke da bakinki kika ce min awa biyu ne a bayan babur. Ranar da numfashinta ya ɗauke a watan Disamba, minti tara muka yi zuwa asibiti, leɓenta ya riga ya canja launi. Na duba agogo, shi ya sa na sani.

Duk da haka na tambayi lauya maganar jirgi. Ya ce, “Hajiya, in kika kai yarinyar nan filin jirgi, ke za a kama, ita a wuce da ita gidan yara a ranar.” Na ce masa ni ba Hajiya ba ce. Ya ce to, ko ma wace ce.

An sa ranar zama, goma ga Yuni. Kotu za ta aiko miki da rahoton matar ofishin, haka doka ta ce. Ban ga abin da ke ciki ba. Na amsa duk abin da ta tambaye ni da gaskiya, iyakar abin da na sani ke nan.

Ki yi fushi da ni yadda kike so. Amma ki tuna mutanen da za a ba ta in muka tsaya faɗa ba su san tana tsoron ƙarar injin niƙa ba, ba su san sai an bar ƙofa a buɗe take barci ba.

Yayarki

19 ga Afrilu

Malama Magatakarda,

Gaisuwa don Allah ya ce a yi. Inna lafiya.

Rahoton ya iso kafin wata wasiƙarki, in ma kin aiko. Na kai wa malamin makarantar garinmu ya karanta min, don yaren kotun nan ya fi ƙarfina. Ya kai shafi na huɗu sai ya ce in zauna. Na ce ya karanta a tsaye nake.

“Bisa ga littafin da mai riƙo take rubutawa kullum, uwar ta yi kwana ɗari da goma sha biyu a jere ba ta nemi yarinyar ba. Wannan ya isa a ɗauka ta yi watsi da ita, kuma kotu na iya yanke hukunci ko babu yardarta.”

Har hoton shafukan suka saka. Na gane rubutunki, ƙanana a jere kamar ɗinkin keke. Kowane shafi, layin ƙarshe: Tela ba ta kira ba. Tela ba ta kira ba. Malamin ya ƙirga guda ashirin ya daina.

Da me zan kira? Sun karɓe wayata a bakin mota. A inda suka tsare mu, mu sittin ne a ɗaki ɗaya, waya ɗaya a bango, sai da kati, katin kuma sai wani daga waje ya saya miki. Lambarki tana cikin wayar da suka karɓe. Na haddace shida daga ciki, sauran ukun na yi ta juya su a kaina har na fara magana ni kaɗai. Sau uku aka canja mana wuri. Na roƙi wata mai shara ta nemo asibitinku, ta karɓi 'yan kunnena ba ta dawo ba.

Ni ina can ina cizon bargo kada a ji kukana, ke kina nan kina tara min shaida, rana ɗaya layi ɗaya. Shi ya sa ba ki damu da na yaga takardar ba. Kin riga kin san ba kya buƙatar hannuna.

Tun ina ɗakinki nake ganin littattafan nan a ƙarƙashin gado, ina yi miki tsiya ina cewa wa zai karanta. Ashe alƙali ne.

Kada ki sake rubuto min. In kin rubuto ba zan buɗe ba. Ki ci 'yar, Allah yana gani.

Uwar Zabuwa

2 ga Mayu

Tela,

Assalamu alaikum. Kin ce ba za ki buɗe ba. Ina roƙonki ki buɗe wannan, akwai takarda a ciki da ba irin waccan ba ce.

Zabuwa lafiya. Sabon haƙori ya fara leƙowa.

Ga yadda aka yi. A zuwanta na biyu matar ofishin ta tambaye ni yaushe rabona da jin muryarki. Na ce ta jira, ba na son in faɗi abin da ba daidai ba. Na shiga na ɗauko littafi. Ta ga yadda na tsara shi, yanayin gari, lafiya, aiki, wanda ya zo da wanda ya kira, ta ce ba ta taɓa ganin mai riƙo mai tsari irina ba, ko za ta iya ɗaukar hoto? Tela, daɗi na ji. Shekara goma sha tara ina rubutu a teburin ninke zannuwa lokacin shan shayi, abokan aiki suna kirana sakatariyar injin wanki, ranar ce aka fara yaba min. Har shafi nake buɗe mata ina danne gefen da yatsa don hoton ya fita.

Layin nan ba shaida nake tarawa ba. Ban san inda kike ba. Na je ofisoshi huɗu, kowanne ya ce babu mai irin sunanki. Duk safiya in na rubuta ba ki kira ba, ina nufin yau ma ban sani ba ko kina da rai. Amma ban rubuta haka ba, na rubuta abin da ya faru kawai, yadda na saba. Zuwa ofisoshin yana cikin wani littafin daban da nake ajiye takardun hukuma, shi kuma ba ta tambaya ba, ban ɗauko ba.

Wannan kuskure ne. Abin da ke biye ban tabbata kuskure ba ne.

Da wasiƙarki ta zo, na ɗauki hutun kwana ɗaya na karanta littattafan tun daga ranar da aka kama ki, don in nemo hujjar da zan wanke kaina. Na samu abu biyu.

Daga farko ina rubuta “'yar Tela ta ci abinci”, “'yar Tela ta yi tari”. Ranar tara ga Disamba, ranar da numfashinta ya ɗauke, na rubuta “'yata ta farfaɗo”. Daga nan ban sake rubuta 'yar Tela ba. Ban san na canja ba sai da na gani da idona.

Na biyun ya fi muni. Ranar ashirin da shida ga Fabrairu na rubuta abin da lauya ya ce, kuma hanya biyu ya faɗa. Ɗayar ita ce riƙon amana na wucin gadi: ke ce uwa, sunanta ba ya canjawa, ni mai riƙo ce kawai, duk wata shida a koma kotu, kuma kina iya neman a kawo miki ita in kin nuna akwai asibiti da makaranta kusa. Ya ce ba ta da ƙarfi kamar ɗayar, don kowane zama ana iya canja hukunci. A wasiƙata na rubuta miki “hanya mafi ƙarfi”. Ban yi ƙarya ba, amma ban ambaci ɗayar ba. Sau uku na rubuta wasiƙar nan, a ta farko akwai ta, a ta uku babu. Na gaya wa kaina don kada in rikita ki ne. Yanzu ban yarda da kaina ba.

Kin ce ina son ta. Ina son ta. Ba zan ƙara musu ba.

Takardar da ke ciki ta riƙon amana ce. Ki kai ta babban gari, ki sa hannu a gaban ma'aikacin kotu ya buga hatimi, ki aiko ta hanyar gaggawa. Dole ta iso kafin goma ga Yuni. Ban sa ɗigon fensir ba. Ki ba malamin ya karanta miki kowane layi, kada ki yarda da maganata.

Yayarki, in har yanzu kin yarda da sunan

12 ga Yuni

Tela,

Sallama. Ba zan ce miki Zabuwa lafiya ba, don tun shekaranjiya ban gan ta ba.

Takardarki ba ta zo ba. Kullum ina buɗe akwatin wasiƙu sau biyu. Na kira mai shagon wayar da kika kira ni daga wurinsa sau biyar, ya ce ya aika miki, kin ce a gaya min kin mutu.

Ranar zaman alƙalin ta karanta rahoton, ta ce tunda uwar ta yi watsi da yarinya, ba a buƙatar yardarta. Mace ce, da tabarau a kan hanci. Lauya ya matso ya ce min a kunne, “Ki yi shiru kawai, minti biyar an gama, 'yarki ce.” Alƙalin ta tambaya ko akwai mai magana.

Na tashi. Na riƙe bencin gaba. Na ce layin nan ni na rubuta, kuma ba haka yake nufi ba. Na miƙa ɗayan littafin, mai ofisoshi huɗu, da wasiƙarki ta sha tara ga Afrilu, tafinta ya karanta musu maganar waya ɗaya a bango da 'yan kunne. Ki yafe min, har inda kika zage ni ya karanta, don ban ce ya tsallake ba. Na ce na janye buƙatata.

Alƙalin ta cire tabarau ta ce, “Kin san abin da janyewar take nufi?” Na ce ina jin na sani. Ashe ban sani ba. Na ɗauka za a bar min ita yadda take har takardarki ta zo. Ta ce ta soke maganar watsi, ke ce uwa. Amma tunda na janye, kuma babu takardar riƙo daga hannunki, babu wanda doka ta sani a kan yarinyar, sai ofishi. Za ta zauna a gidan yara har takardar ta iso. In ba ta iso cikin kwana sittin ba, su nema mata wasu.

A farfajiyar kotun aka karɓe ta. Tana zaune a benci tana zane, matar ofishin ta tsuguna ta yi mata bayani. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, “Zuwa la'asar?” Na ba matar abin shaƙa, na rubuta mata maganar ƙofa da injin niƙa a bayan takardar kotu.

Muka fita titi ni da lauya. A can ya ce shekara ashirin yana aikin nan bai taɓa ganin wadda ta ci shari'a ta mayar ba.

Ban san ko daidai na yi ba. Da na yi shiru da yanzu tana ɗakin nan. Na juya abin ta kowane gefe, kowane gefe akwai wadda na cuta.

An ba ni ziyarar awa ɗaya ranar Asabar. Kwana sittin ya fara daga goma ga wata. Na sake haɗo takardar ko waccan ta ɓace.

Yayarki

28 ga Yuni

Yaya,

Wa alaikumus salam.

Waccan ba ta ɓace ba. Tana ƙarƙashin katifar Inna mako shida, ban buɗe ba, kamar yadda na ce. Da ta biyun ta zo Inna ta ce in ban buɗe ba ita za ta kai wa malamin da kanta, da sandarta. Na buɗe duka biyun rana ɗaya.

Ba zan gaya miki yadda na yi ba. Ba ki cancanci ji ba.

Na kwana biyu a hanya. Ma'aikacin kotun ya tafi jana'iza, na zauna a bakin ƙofarsa har ya dawo. Na sa hannu wuri uku, ya buga hatimi, na tsaya a kansa har tawadar ta bushe. Malamin ya karanta min kowane layi sau biyu kafin in taso.

Kada ki ɗauka mun shirya. Ke kika ɓoye min hanya, ke kika buɗe musu littafi, ke kika tashi a kotu don ki wanke zuciyarki aka tafi da 'yata. Mako shidan nan nawa ne, na sani, ba sai kin rubuta shi a wani littafi ba. Sauran duk naki ne.

Na samu aiki da keken ɗinki a wani shago a babban gari, titi biyu tsakaninsa da asibiti. Na auna da ƙafata, minti goma sha ɗaya. Ki gaya wa lauyanki ya rubuta wannan, don nan da wata shida zan nemi a kawo min ita, kuma ke za ki tsaya a gaban mai tabarau ki ce kin yarda.

A shagon akwai sabis. Duk Talata ƙarfe huɗu zan kira. Ki ba ta wayar ki fita daga ɗakin.

Ki je ki ɗauko ta yau, kada ki tsaya rubuta min amsa.

Tela

20 ga Yuli

Tela,

Assalamu alaikum. Zabuwa tana gida tun ranar Juma'a. Takardar ta iso takwas ga wata, amma sai da alƙali ta sa hannu, shi ya ci sauran kwanakin. Dalilin da ya sa Talata uku kika kira, ni kaɗai kika samu ke nan, kika kashe. Kwana talatin da takwas ta yi a can.

Ta rame kaɗan. Sau ɗaya asmar ta tashi, sun kula da ita, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun aske mata gefen kai saboda ƙwarƙwata. Yanzu da kanta take rufe ƙofa in za ta kwanta, ta ce haka ake yi a can.

Na ba lauya maganar shago da minti goma sha ɗaya. Ya ce ki samo takarda daga asibitin da ke nuna suna da maganinta, da takardar makarantar da za ta shiga. An sa zama na gaba a watan Janairu. Zan tsaya in ce na yarda. Na rubuta miki nan don ki riƙe a hannunki, in na canja ki ba tafinta ya karanta.

Ba ta yi min magana a mota ba, ba ta yi ba ranar Asabar. Da na kira ta cin abinci sai ta ɗauki kwanon ta koma bayan kujera. Na gaya mata za ki kira ranar Talata, ta ce, “Na ji.” Na gaya mata wataƙila bayan wata shida ta tafi wurinki, ta ce, “Na ji.”

Yau ina daidaita mata gashin ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Mama ta ce la'asar. Ke kin ce Asabar kawai. Yanzu wa ya rage zai kai ni wani wuri ya tafi?”

Na buɗe baki, sai na ga duk abin da zan ce na taɓa faɗa mata irinsa. Na ce ni ban da amsa, amma mu biyu ne muka yi, ta tambaye ki ke ma.

Ta ce za ta tambaya. Wataƙila wasiƙar nan ba za ta riga Talata isowa ba, don haka na bar saƙo a shagonku. Ki shirya abin da za ki ce mata. Ni zan kasance a waje, a kan matakala.

Yayarki